Canza solonoyid na VVT a injin mota: a gwada kafin a saya, a share kafin a ɗaura

Mota tana tafiya lafiya a kan titi, amma da an tsaya a danja ko an faɗa cunkoson Kantin Kwari sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokacin ma ta mutu. An taka totur ta yi nauyi, fetur kuma yana zurarewa fiye da yadda aka saba. Fitilar inji ta kunnu a dashbod, an kai ta wajen mai kwamfuta, ya jona na'ura ya ce P0011 ko P0012. Maganar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: "Alhaji, sansan VVT-i ne, a sayo wani." Wani sa'in gaskiya ne. Sau da yawa kuma a sayo, a ɗaura, bayan kwana biyu fitila ta dawo inda take.

Cire wannan kaya, wato solonoyid na VVT, da mayar da shi ba wani aiki ba ne a yawancin injuna masu filogi huɗu. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi, soket ɗin waya ɗaya ne a kansa, minti 20 zuwa 30 an gama. Inda aikin yake shi ne tabbatar da cewa shi ɗin ne ya lalace, da kuma fitar da shi ba tare da ya karye a cikin tof silinda ba.

Abin da yake yi a cikin inji

Kamshaf ne ke buɗe bawul yana rufewa. A tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 lokacin buɗewar a ɗaure yake, ko mota tana silo ko tana gudu. A injin VVT kuwa, wato mai iya canza lokacin buɗewar bawul, giyar da ke bakin kamshaf, wadda sarƙar taimin ke ja, tana da ɗakuna a cikinta da 'yan fikafikai. In baƙin mai ya shiga ɗakunan gefe ɗaya sai kamshaf ya ɗan wuce gaba, bawul ya buɗe da wuri. In ya shiga ɗaya gefen sai ya dawo baya. A injin Corolla 1ZZ-FE wannan motsi ya kai digiri 40 na juyin kiranshaf, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ƙarfin mota da shan manta.

Solonoyid shi ne famfon da ke zaɓar ɗakin da mai zai shiga. A jikinsa akwai naɗin waya mai zama maganaɗisu, da wata siririyar sanda mai tsagogi da ke kai da komo, da sifirin mai mayar da ita mazauninta. Birin-bos, wato kwamfutar motar, na aiko masa da wuta a tsittsinke, yana ƙarawa yana ragewa, sandar tana matsawa daidai da haka. A kasuwa za ka ji ana ce masa sansa, amma ba sansa ba ne. Sansa ji yake yi ya kai rahoto, wannan kuwa umarni yake karɓa ya aikata. Akwai sansan kamshaf na gaskiya a wani wuri daban a jikin tof silinda, kuma wannan rikicin suna kan sa a aiki yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya dawo da abin da ba shi ake nema ba.

Tunda da mai yake aiki, duk abin da ya sami mai ya same shi. Tsakanin sandar nan da bututun da take ciki ratar ba ta kai kaurin gashi ba. Ɗan ƙwayar datti ya isa ya maƙale ta.

Lambar da kwamfuta ta bayar

Lambobin kashi biyu ne, kuma wanda bai raba su ba shi ne ke asarar kuɗi. P0010 da P0013, da 'yan uwansu na gefe na biyu a injin V6, wato P0020 da P0023, suna magana ne a kan wuta: ko naɗin wayar ya tsinke, ko waya ta yanke a hanya, ko soket bai zauna ba. A tsofaffin Toyota za ka ga P1656 da wannan ma'ana. Su kuwa P0011, P0012, P0014, P0015, P0021 da P0022, da tsohuwar P1349 ta Toyota da P1009 ta Honda, cewa suke yi birin-bos ya ba da umarni amma kamshaf bai je inda aka ce ya je ba. Wannan kashi na biyu bai ce solonoyid ya mutu ba. Yana iya zama mai ne ya yi ƙasa, ko ya yi kauri, ko rariya ta toshe, ko giyar kamshaf ce ta gaji.

P0016 da P0017 wata magana ce daban. Kiranshaf da kamshaf ne ba sa tafiya a kan saiti ɗaya. In sun fito bayan an sauke inji ko an taɓa tof silinda, fara zargin an gota haƙori ɗaya a taimin. In motar ta yi tafiya mai yawa, zargi sarƙa ta miƙe. Solonoyid da ya maƙale a buɗe yana iya jawo su, amma ba shi ne na farko a layi ba.

Masu Honda Accord mai injin K24 su lura da kyau, domin kaya biyu ne a jikinsa masu kama da juna a suna. Na VTC, wato VVT ɗin Honda, wanda muke magana a kai, siriri ne mai noti ɗaya a gefen murfin sarƙar taimin. Na VTEC kuwa babba ne mai noti uku a bayan tof silinda, kuma lambobinsa su ne P2646 da P2647.

Akwai kuma ƙarar nan ta "garrr" ta daƙiƙa ɗaya ko biyu in an tayar da mota da asuba, musamman a Accord ta 2008 zuwa 2012. Yawanci wannan ɗan makullin da ke cikin giyar kamshaf ne ya sake. Sabon solonoyid ba ya kashe wannan ƙara.

Fara da baƙin mai

Kafin ka taɓa sifana, tsayar da motar a wuri mai daidaito, kashe ta, jira minti biyar, zaro gejin mai. In yana ƙasa da ɗigon ƙasa, to ka riga ka sami wanda ake tuhuma na farko. Camry mai injin 2AZ-FE ta wajajen 2007 zuwa 2009 an san ta da shan baƙin mai ta ringi, haka ma wasu tsofaffin 1ZZ-FE. Mai irin wannan mota zai iya cika mai, ya goge lambar, ya yi sati bai sake ganin fitila ba.

Sai ka buɗe murfin zuba mai ka haska ciki da tocilan. Ƙarfe mai launin zuma ko shayi lafiya lau ne. Baƙin abu mai kauri kamar kwalta, wanda za ka iya kankarowa da farce, shi ne dauɗar da ke kashe tsarin VVT. Ana samun ta daga jinkirta juye, da man da ake aunawa a jarka ba a san asalinsa ba, da filtar mai ta jabu. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da tsayuwa a cunkoso da AC a kunne duk suna tsufar da mai da wuri a Kano.

Batun kaurin mai kuwa, nan ne ake jayayya a gareji. Kamfani ya rubuta 5W-30 ga Corolla ta 2003 zuwa 2008, 5W-20 ga Accord mai K24 ta waɗannan shekaru, 0W-20 ko 5W-20 ga Corolla mai 2ZR-FE. Da yawa sai a zuba 20W-50 a ce ƙasarmu da zafi. Injin da ya riga ya yi zafi digiri kusan 90 yake aiki ko a Kano ko a Kanada. Man da ya yi kauri kuwa, da sanyin safiyar Janairu yana jinkirin ratsa waɗannan ƙananan hanyoyi, kamshaf ya makara, birin-bos ya rubuta laifi. Duba murfin zuba mai, sau da yawa lambar tana rubuce a kai.

Gwaji uku

Na farko da mita. Cire soket, saita mita a kan om 200, fara haɗa bakunan mitar biyu da juna ka ga abin da ta nuna, yawanci 0.2 zuwa 0.5, don ka cire shi daga lissafi. Sai ka taɓa ƙafafu biyu na solonoyid. Na Toyota ya kamata ya ba da om 6.9 zuwa 7.9 a yanayin digiri 20. Na VTC ɗin Honda 6.75 zuwa 8.25. Ka tuna wayar tagulla tana ƙara juriya da zafi, kusan kashi 4 cikin 100 a kowane digiri 10. Don haka na Toyota da ya nuna 8.0 da azahar a watan Mayu, ko a kan injin da bai gama hucewa ba, ba matacce ba ne. In mita ba ta motsa ba sam, naɗin ya tsinke. In ta nuna 2 ko 3, ya ƙone ya haɗe a ciki. Taɓa ƙafa ɗaya da jikin ƙarfensa kuma: bai kamata a ga wata alaƙa ba.

Na biyu a kan inji yana silo bayan ya yi zafi. In na'urar mai kwamfutar tana iya ba da umarni, a ce ya kunna solonoyid ɗin shigar iska daga na'ura. Lafiyayyen tsari zai sa injin ya rikice nan take ko ya mutu, domin an tura kamshaf gaba a lokacin da bai dace ba. In babu na'ura, cire soket ɗin gaba ɗaya, ka ba ƙafafun solonoyid wutar batir kai tsaye da wayoyi biyu na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kada ka kuskura ka yi haka soket yana jone, wutar za ta koma birin-bos. In inji ya girgiza, solonoyid da rariya da giya duk suna amsawa, laifin ya fi kama da na waya ko na mai. In ko gezau bai yi ba, ko sanda ta maƙale, ko mai ba ya isowa, ko giya ta tsaya.

Na uku sai an cire shi, za mu zo kansa.

Idan lambar ta wuta ce kuma mita ta ce naɗin lafiya, bi waya. Dubi cikin soket ko akwai koren tsatsa daga wankin inji da ruwan matsi, ko mai ya cika shi, ko ɗan harshen da ke kulle shi ya karye an ɗaure da waya. Ɓera ma yana son wannan kusurwa a motar da ke kwana a waje. A Toyota wayoyin biyu duka birin-bos suke zuwa, saboda haka kada ɗan rewaya ya ce babu 12V a tsaye don haka birin-bos ya mutu. Abin da ake aunawa shi ne kowace waya daga soket zuwa birin-bos ta nuna ƙasa da om 1, kuma ba ta taɓa bodi.

Sayen kaya

Je da tsohon a hannu da lambar shasi mai harafi 17. Na Toyota yawanci lambarsa tana farawa da 15330: na 1ZZ-FE 15330-22030, na 2AZ-FE 15330-28020. Na VTC ɗin Honda da 15830 yake farawa. Injin 2ZR-FE yana da guda biyu, na shigar iska da na fitar hayaƙi, lambobinsu daban ne ko da sun yi kama a ido. Injin 2GR-FE na V6 da ke Sienna, Highlander da Camry yana da guda huɗu. Jera sabo da tsoho a tafin hannu: tsawon bututu, yawan ramuka da inda suke, gefen da kunnen noti ya kalla, da siffar soket. Bambanci ɗaya ya isa a fasa.

Tsakanin sabo mai arha marar suna da ɗan Beljiyam na asali, na biyun ya fi sau da yawa, da sharaɗin ka gwada shi a gaban mai shago da mita da batir, kuma ka duba ramukansa ba baƙi ƙirin ba ne. Arha ba ta ado a wannan kaya. Na jabu yana iya ba da om daidai, ya yi ƙara daidai, amma tsagoginsa ba su zauna a ma'auni ba, sai mota ta riƙa fizga a ƙaramin gudu. Ɗan Beljiyam kuma robar zobensa ta riga ta bushe, nemi sabuwa.

Abin da za ka tanada: bos lamba 10 da rachet da sandar ƙari, sifana mai awon ɗauri in akwai, ƙaramin sukundireba mai faɗi, filaya mai kullewa, feshin wanke kafireto gwangwani ɗaya, WD-40, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da man juye da filta. Corolla mai 2ZR-FE da Accord mai K24 ta 2003 zuwa 2007 suna cin lita 4.2 da filta, 2GR-FE lita 6.1.

Cirewa

Bar injin ya huce har ka iya ɗora hannu a kai. Ɗan ɗumi yana taimakawa, domin robar zobe ta fi sakin jiki, amma ba zafin da zai ƙona ka ba. Cire kan batir na negatif. Wasu Honda za su nemi lambar rediyo bayan haka, a tabbata tana nan.

Cire murfin roba na saman inji in akwai. A 1ZZ-FE solonoyid yana jikin tof silinda ta ɓangaren sarƙar taimin, ta gaba, sama da altaneta. A 2AZ-FE yana wannan ɓangaren amma ta baya, wajen bangon da ya raba inji da cikin mota, sai ka laluba da hannu fiye da ido. A 2ZR-FE dukansu biyu suna tsaye a kan murfin saman inji, su ne mafi sauƙi. A V6 na Toyota da aka kwantar a gicciye, gefe na ɗaya shi ne na baya, gefe na biyu na gaba wajen lagireto. Mutane kan juya wannan su canza lafiyayye su bar marar lafiya. Na bayan kuma matsi ne, a wasu motocin sai an ɗaga bututun iska na sama kafin hannu ya kai.

Yanzu share wurin, kuma kada ka yi gaggawa a nan. Yashi da ƙura sukan taru su dunƙule da mai a gindin solonoyid. Da ka zare shi, ramin da ya bari hanya ce kai tsaye zuwa giyar kamshaf, ba filta a tsakani a wasu injunan. Fesa, goge, busa da iska in akwai kwamfireso. In a fili ake aikin kuma iskar hunturu tana kaɗawa, juya motar ta ba iska baya.

Danna harshen soket ka ja jikin soket ɗin, ba waya ba. Robar da ta shekara 15 a zafin inji kamar busasshen ƙwai take. In ya ƙi, tura shi ciki tukuna, danna harshen, sannan ka ja. Kwance notin lamba 10, ka riƙe shi da kyau a zagayen ƙarshe, domin in ya faɗa tsakanin altaneta da bel ka sami aikin rabin awa.

Nan ne wurin da aiki ke lalacewa. Solonoyid ba ja ake yi ba, murɗawa ake yi. Kama shi ka juya hagu da dama kaɗan-kaɗan har ka ji robar ta saki, sannan ka ja a miƙe kana ci gaba da murɗawa. In ya ƙi motsi, fesa WD-40 a gindinsa, ba shi minti 15, sake gwadawa. Sai filaya mai kullewa, a kama can gindi kusa da tof silinda, ba a kan robar soket ba. In za ka sa sukundireba ƙarƙashin kunnen noti, ɗan taɓawa ne kawai kana murɗawa da ɗaya hannun. Wanda ya danna da ƙarfi ta gefe ɗaya zai ji ƙas, kan ya zo hannunsa, bututun ya zauna a ciki. Wannan ya fi faruwa a 1ZZ-FE da tsohon V6 1MZ-FE da ba a taɓa cirewa ba.

In hakan ta faru, kada a tayar da mota kuma kada a kawo dirila. Zaro sandar ciki da sifirin da ɗan ƙaramin filaya ko maganaɗisu, ka tabbata duka sun fito. Sai a nemi noti mai kaifin tiredi wanda zai ciji cikin bututun, a shafa masa giris don ya riƙe ɓarɓashi, a murɗa shi ciki zagaye uku zuwa huɗu, a kama kansa da filaya a ja a miƙe. Bangon ramin alminiyom ne, in aka karce shi mai zai riƙa tsiyaya har abada, garin neman gira a rasa ido. Bayan irin wannan aiki juye wajibi ne.

Da ya fito, toshe ramin da tsumma mai tsabta. Dubi bututun: robar zobe ta fito tare da shi? In babu ita a jikinsa tana cikin rami, a ciro ta. Ɗan mai cokali ɗaya ko biyu zai zubo, ba komai.

Ga gwaji na uku. Riƙe shi a haske, leƙa ta ramuka, ba shi wutar batir. Sandar ta tafi da ƙara mai kaifi, ta dawo nan take da ka cire wuta. Mai tafiya a hankali, ko mai tsayawa a rabi, ko mai dawowa sai an girgiza shi, ya maƙale. Fesa masa feshin kafireto ta kowane rami, ka bari feshin ya bushe, sannan ka riƙa ba shi wuta kana cirewa, kuma ka haɗa wayar a nesa da shi, domin feshin yana kama wuta da tartsatsi ɗaya. Da yawa suna warkewa da wannan wanki. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli a jikinsa, tsaya. Wani abu yana cinyewa a cikin injin, kuma sabon ma haka zai cika.

Rariyar da ake mantawa

Kafin mai ya iso solonoyid yana bi ta wata 'yar rariya mai kama da kan biro. A 1ZZ-FE tana bayan wani noti lamba 14 a ƙasan solonoyid kaɗan. A K24 tana gaban tof silinda ƙarƙashin ɗan murfi mai noti biyu kusa da bel. A 2GR-FE tana cikin notin bututun man da ke hawa tof silinda. A wasu injunan tana can ciki sai an buɗe murfin sama. Lura da gefen da ta kalla kafin ka zaro ta, don ta koma yadda take.

Abin da aka fi samu a cikinta a garejojinmu, ban da baƙar dauɗa, shi ne gutsattsarin gam. In an sauke inji an lafta gam a murfin taimin ko a kaskon mai, abin da ya matso ta ciki yakan yanke ya bi mai, ya zo ya tsaya a nan. Wanke ta da feshi har ka ga haske ta cikinta. In ta yage a sayi wata. Akwai masu jefar da ita su ce ita ce ke hana mai wucewa. Motar za ta yi daɗi na 'yan makonni, sannan duk abin da rariyar take tarewa ya wuce cikin solonoyid da giya. Notin na 1ZZ-FE ana ɗaure shi Nm 30 a sifana mai awon ɗauri, da sabon wosha.

Ɗaurawa

Ciro tsumman, goge bakin ramin. Shafa sabon baƙin mai a robar zobe da jikin bututun. Ba giris ba, ba gam ba ko kaɗan. Tura shi a miƙe da hannu kana ɗan murɗawa har ka ji ya zauna, kunnen noti ya kwanta a jikin tof silinda. In ya rage rata, kada ka ce noti zai ja shi. Noti zai lanƙwasa kunnen ko ya yanke robar. Zaro ka duba dalili.

Fara ɗaura notin da yatsu, zagaye uku ko huɗu, kafin bos ya taɓa shi. Ma'aunin ɗaurinsa kaɗan ne: Nm 9 a 1ZZ-FE da 2AZ-FE, Nm 10 a 2ZR-FE da 2GR-FE, Nm 12 a K24. In babu sifana mai awo, riƙe rachet kusa da kansa da yatsu uku, ya tsaya, ka ƙara ɗan kaɗan. Aikin notin riƙewa ne kawai, robar zobe ce ke tare mai. Ƙarin ɗauri ba ya hana yoyo, tiredin alminiyom yake cinyewa. Mayar da soket har ka ji ƙas, ka ja shi kaɗan ka tabbatar.

Yi juye yanzu, da filta ta kirki, in dai man ba sabo ba ne fil. Kada ka ɗora sabon kaya a kan tsohon dattin da ya kashe na farko. Game da maganin wanke cikin inji da ake zubawa kafin juye: a injin da dauɗarsa ta yi kauri haɗari ne, domin yana ɓamɓaro ta a dunƙule ta je ta toshe rariyar famfon mai a ƙasa, inji ya buga. Haka ma zuba kananzir ko gas a tayar. Ya fi aminci a yi juye biyu ko uku a kusa-kusa, kowane bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000, da mai mai kyau. In abin ya yi muni, a sauke kaskon mai da murfin sama a wanke da hannu.

Mayar da batir, goge lambobin da na'ura, tayar da mota. Silo na iya ɗan hawa da sauka na 'yan mintuna saboda an cire batir, zai daidaita. Haska gindin solonoyid da notin rariya ka ga babu jiƙa. Bari ta yi zafi har fanka ta juya, domin tsarin ba ya fara aiki sosai a kan inji mai sanyi. Sai a fita da ita inda za a iya sakin ƙafa, kamar titin Zariya bayan an wuce cunkoso, minti 15 zuwa 20, ana takawa ana sakewa. In na'ura tana jone, dubi layi biyu: inda birin-bos ke son kamshaf ya je, da inda ya je. Su riƙa bin juna, ratar kada ta zauna sama da digiri 5. Wasu lambobin ba sa kunna fitila sai an yi tafiya biyu, don haka a kashe mota, a sake tayarwa, a sake zagayawa kafin a ce an gama. Washegari a sake duba yoyo da gejin mai.

In lambar ta dawo bayan sabon solonoyid na kirki, wankakkiyar rariya da sabon mai, a cire suwicin fitilar mai a ɗaura gejin matsi a gurbinsa. Injin 1ZZ-FE mai zafi ya kamata ya ba da matsin mai aƙalla kPa 29 a silo, da 294 zuwa 539 a juyi 3,000 a minti. In ya gaza, matsalar tana ƙasa: rariyar famfo, famfon kansa, ko metal da suka sake. In matsi ya cika, a buɗe murfin sama, a kawo filogi na ɗaya kan maki, a duba alamomin taimin da sakin sarƙa, sannan a kama kamshaf da sifana a wurin da aka yi masa don haka a ga ko giyar tana kulle ko tana lilo.